Mutumin da Ya Shafe Rufin Majami'ar Kwaleji

Domokos Kelemen shi ne mutumin da ya shafe rufin majami'ar kwaleji da farar ƙasa. Da wannan aka san shi a garin. Ya yi kafinta, ya yi gadi, ya hura murhun azuzuwa shekara arba'in, ya haifi 'ya'ya mata biyu ya aurar da su, amma ba wanda ya taɓa kiransa da ɗaya daga cikin waɗannan. Mai Buroshi ake ce masa, kuma a gaban idonsa ake faɗa.

Abu ɗaya ya nema a duniya: kafin ya mutu a kankare farar ƙasar nan, mutanen gari su ɗaga kai su ga tsohon zanen rufin yana nan lafiya lau a ƙarƙashi, su san ɓoye shi ya yi, ba kashe shi ba.

Majami'ar ba wata babba ba ce. Tsawonta taku talatin da biyu, faɗinta goma sha huɗu. Ɗaliban kwalejin ne suka gina ta da hannunsu kusan shekara ɗari uku da suka wuce, da duwatsun da suka ɗebo daga kogi a kafaɗa. Shi ya sa bangon arewa ya turo ciki har yau, don masu karatu ne suka ɗora shi, ba magina ba. Ba ta da hasumiya. Sarakunan wancan zamanin ba ɗarikar mutanen garin suke bi ba, sai suka hana su hasumiyar dutse, suka kuma hana ƙofa ta kalli titi. Ƙofar tana ta tsakar gidan kwaleji, ƙararrawar kuwa tana rataye a wata rumfar katako can gefe, kusa da rijiya. A ciki babu gunki, babu hoto. Bango fari fat, mumbari na dutse, bencina masu karya baya, sai wani ɗan bene na katako a baya inda ƙananan ɗalibai ke zama.

Duk kwalliyar da aka hana bango sai aka kai ta sama. Rufin alluna ne na katako masu kusurwa huɗu, jeri goma sha shida, kowane jeri alluna shida. Casa'in da shida ke nan. Wani kafinta mai yawo gari-gari ya zana su a cikin bazara biyu. Akwai furanni, akwai rumman a tsage, akwai zakara. Akwai kifin da ya haɗiye Yunusa, da haƙora irin na kare. Akwai jirgin Nuhu wanda ya fi kama da rumbun masara, don mai zanen bai taɓa ganin jirgin ruwa ba. Akwai rana da fuskar wani mutum mai kumatu, wadda ake cewa fuskar shugaban kwalejin ce na lokacin. Duk ɗalibin da wa'azi ya gundura, da rufin nan yake hira. Tsofaffin gari da suka yi karatu a nan ba sa iya tuna ayar da aka karanta musu, amma kowa ya san allon da ke saman kansa.

Uban Domokos shi ne kafintan kwalejin. Da hannunsa ya fara rawa, ɗan ya gaje shi yana da shekara ashirin da ɗaya. Bai cika shekara a aikin ba gwamnatin gurguzu ta ƙwace makarantun coci. Aka kori fastocin da ke koyarwa, aka kawo sabon shugaba, wani Vajda, wanda shi ma a kan bencinan nan ya girma. Aka fitar da bencinan aka jibge a tsakar gida. Aka ce majami'ar ta zama ɗakin motsa jiki.

Wata Alhamis a cikin bazarar 1951 Vajda ya kira Domokos ciki. Su biyu ne kawai. Ya nuna sama da haɓa.

"Kwamared Kelemen, ka ga wancan shirmen? Ka ɓamɓare shi, a kai ɗakin itace. Busasshen katako ne, zai ci wuta da kyau."

Domokos ba mai wayo ba ne, amma ranar wayo ya zo masa.

"Kwamared shugaba, in na ɓamɓare, ƙurar shekara ɗari biyu da kashin jemage za su zubo mana a ka. Kuma ba abin da zai tare sanyi. Yara za su daskare kafin su yi tsalle ɗaya."

"To me kake so? Sufeto ya zo ya tarar da 'ya'yan ma'aikata suna ƙwallo a ƙarƙashin kifin Yunusa?"

"A shafe shi da farar ƙasa. Kwana uku sun ishe ni."

Vajda ya daɗe yana kallonsa. Ko ya gane, ko bai gane ba, ba a taɓa sani ba.

"Ka shafa da kauri," ya ce. "In na ga idon kifi ɗaya yana leƙo ni, kai da kifin tare za ku tafi."

Ba da ka Domokos ya zaɓi farar ƙasa ba. A ƙasar nan kowa ya san farar ƙasa adana abu take yi. A ruwanta mata ke nutsa ƙwai da kaka, a ci shi har ƙarshen hunturu bai lalace ba. Ita ake shafa wa gindin itatuwan gona don tsutsa, ita ake shafa wa ɗakin ajiyar dankali, ita ake shafa wa ɗakin da aka yi mutuwa. Kowace shekara, mako guda kafin Ista, kowace mace sai ta jiƙa bangon gidanta sharaf, ta goge abin da ya ɓare da buroshi mai tauri, sannan ta ɗora sabuwa. Gidan da ya tsallake shekara ɗaya sai an yi da matar gidan a bakin rijiya. Domokos ya tashi yana riƙe wa uwarsa bokiti. Ya yi imani abin da ya adana ƙwai zai adana kifin Yunusa.

Kwana uku ya yi kwance rigingine a kan katakan da ya gitta a saman tsani, farar ƙasa na ɗiga masa a ido. Allo bayan allo suka ɓace. Rana mai kumatu ita ce ta ƙarshe.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Sai Vajda ya tara malamai da iyaye, ya tsayar da Domokos a gaba, ya ce wannan matashin ma'aikaci shi da kansa ya kawo shawarar a share camfin da ke saman kan yara, kowa ya yi koyi da shi. Aka ba shi takardar yabo. Aka tafa, saboda dole a tafa. Batun ƙonewa kuwa ba wanda ya ji shi. Abin da gari ya ji shi ne ɗan gidan Kelemen ya nemi gindin zama da rufin kakanninsa.

Uban ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, ya ɗaga kai, ya ga fari daga wannan bango zuwa wancan. Ya mayar da hularsa ya tafi. A gida ya ce wa matarsa ta daina ajiye kwanon yaron kusa da nasa. Domokos bai iya faɗa masa gaskiya ba, don tsohon in ya sha barasa bakinsa ba ya riƙe magana, kuma a shekarun nan maganar da ta fita daga mashaya a ofishin 'yan sanda take kwana. Ya ce zai jira abubuwa su lafa. Abubuwa ba su lafa ba. Tsohon ya mutu bayan shekara bakwai, bai sake kiran sunan ɗansa ba.

Mutum ɗaya ya faɗa wa, Jolan, wadda ke wanki a ɗakin kwanan ɗalibai. Ta aure shi duk da 'yan uwanta ba su so ba. Sai da suka yi wata shida da aure ya gaya mata, suna tsinkar wake a bayan gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ke nan sirrin?" ta ce. "Ni na zaci mata gare ka a wani gari."

"Jolan, ba wasa nake ba."

"Na ji. To ka rufe bakinka, ka miƙo kwandon."

Ta rufe nata ita ma, shekara talatin da wani abu.

Aka kafa zoben ƙwallo a jikin benen katako, aka jingina katifun tsalle a jikin mumbari. Yara suna buga ƙwallo tana dukan rufi, farar ƙasa tana ɓarewa tana zubowa kamar gari. Da hunturun farko ya wuce, Domokos ya shigo shara ya ɗaga kai, sai ya hango wani ɗan ja kamar girman kobo yana leƙowa a jeri na biyar. Tsoro da murna suka kama shi lokaci guda. Ranar ya kafa tsani.

Daga nan ya zama al'ada. Kowace shekara a makon da mata ke shafe gidajensu, wanda gwamnati ta sa wa suna tsaftar bazara don kada a ambaci Ista, Domokos zai hau sama ya yi yadda uwarsa ke yi. Ya jiƙa alluna da ruwa sosai, ya bari su sha, ya goge da buroshi mai tauri, ya ɗora sabuwar farar ƙasa. Ba wanda ya sa shi. Shugabanni uku suka zo suka wuce bayan Vajda, kowanne yana yaba himmarsa. Wasu shekarun, ruwan da ke gangaro masa a hannu yakan zo da ɗan launi, ja-ja ko shuɗi-shuɗi. A irin ranar nan da sauri yake komawa gida.

"Yana nan, Jolan," zai ce, yana nuna mata hannun rigarsa. "Kin gani? Shuɗi. Yana nan da ransa."

"Na gani. Ni zan wanke ai. Cire ka zauna, tuwon masarar ya huce."

A titi kuwa sunan ya bi shi. Yara suka gaje shi daga iyayensu ba tare da sun san dalili ba. A cocin gari, inda mutane suka koma ibada, benci ɗaya shi da matarsa da 'ya'yansa suke zama, mutane na barin ɗan fili tsakani. Ba a taɓa kiransa ya zama uban baftisma na ɗan kowa ba. Ana kawo masa kujera ya gyara, a karɓa a ƙofa, ba a ce ya shigo. 'Ya'yansa da suka girma suka yi aure nesa, kuma ba su ɓoye cewa da gangan ba ne.

Da gwamnatin gurguzu ta faɗi, Domokos yana da shekara sittin. Ya yi aski, wato ya je shagon Ferko wanzami, inda duk maganar gari ke taruwa, ya zauna a kujera, ya faɗi abin da ya riƙe tun yana saurayi. Ya faɗi batun ɗakin itace, da kwana uku, da launin da ke sauko masa a hannu.

Sai Ferko ya ɗaga almakashi.

"Allah sarki, Mai Buroshi! Ashe jarumi muke zaune da shi ba mu sani ba. Ai ni ma da gangan nake yankar kunnen 'yan sanda in sun zo aski. Yaƙi nake yi a ɓoye."

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho daga kan benci ya ce, "Wannan watan kowa jarumi ne. Jiya ma wanda ya kai ƙarar ƙanena ya ce don ya cece shi ne."

"Ku tambayi Vajda," in ji Domokos.

"Sai dai ka ba mu aron shebur. Ya shekara tara a ƙasa."

"Za ku gani. Ranar da aka kankare za ku gani da idonku."

"To ka daina motsi, kada in kankare maka kunne kafin ranar."

Bai yi fushi sosai ba. Ya san yana da shaidu casa'in da shida a sama, suna jira. Ya yi shafarsa ta ƙarshe a shekarar da ya bar aiki, ta arba'in ke nan, ya ajiye buroshi. Daga nan sai jira. Coci ta shiga shari'a da gwamnati a kan ginin kwalejin, shari'ar ta ci shekara goma sha biyu. Domokos ya daina shan taba don ya kai ranar. Gwiwoyinsa suka kumbura, ido ɗaya ya yi hazo, Ferko wanzami ma ya tsufa ya bar wa surukinsa shago, sai dai kullum yana zaune a ciki.

A bazarar 2003 aka mayar wa coci kwalejin. Sabon fasto, Bereczki, ya sa aka cire zoben ƙwallo, aka kira wata mai gyaran tsofaffin zane daga babban birni. Sunanta Orsolya, mace 'yar kimanin arba'in, mai gajeren gashi, ba ta da yawan magana. Aka kafa mata dandamalin ƙarfe har sama. Ta hau da fitila a goshi da wata 'yar wuƙa siririya irin ta likita.

Domokos ya zo tun ranar farko da rigar zuwa coci. Ya gabatar da kansa.

"Ni ne na shafe shi, 'yata. Ki fara da jeri na tara, allo na uku daga hagu. Kifin yana nan."

"To, Baba. Amma a hankali ake yi. Ka zauna, zan kira ka."

Ya zauna a kan wata kujerar roba a ƙasa. Kwana ɗaya, kwana biyu, mako guda. Yana jin ƙarar wuƙarta, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera a cikin rumbu. Daga ƙasa yana hango 'yan tagogi da take buɗewa a cikin farin, kowanne kamar tafin hannu, amma idonsa ba ya kai masa abin da ke ciki. In ta sauko cin abinci sai ta gaishe shi, ta ci burodinta da cuku tana kallon wani wuri. Tun yana tambaya har ya daina. Ranar ta tara ya ga ta buɗe tagogi sun fi talatin, ba ta kira shi ba, ba ta kira fasto ba.

Ya tashi ya kama ƙarfen ya fara hawa.

"Baba! Ka sauka, za ka faɗi!"

"Na hau rufin nan tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Matsa."

Ya kai sama yana haki, ya kwanta rigingine kusa da ita kamar yadda ya saba. Ta ba shi fitila. Ya haska tagar farko. Katako ne, toka-toka, busasshe, da layin itace. Ya haska ta biyu. Katako. Ya ja jiki zuwa jeri na tara, allo na uku daga hagu, inda ta buɗe wuri mai faɗi kamar faranti. Katako ne, sai wani ɗan dishi-dishi kamar inda aka taɓa zubar da shayi aka goge.

"Ba ki kai ba ne," ya ce. "Ki ƙara zurfi."

"Baba, wannan itacen ne. Babu wani abu bayansa."

Ita ce ta sake magana, a hankali.

"Na ƙirga shafe-shafen a gefen wuƙa. Sun kai arba'in."

"Arba'in cif. Ban tsallake ko shekara ɗaya ba."

"Kafin ka shafa, kana jiƙawa?"

"Ai dole. Wa zai ɗora farar ƙasa a busasshen wuri? Ko yarinya 'yar shekara goma ta san wannan."

"Kana gogewa kuma?"

"Da buroshi mai tauri. In ba a goge ba sabuwar ba ta kamawa."

Orsolya ta kashe fitilar goshinta. Ta ce ya biyo ta. Suka ja jiki zuwa can kusurwa, inda rufin ya haɗu da gungumen benen katako, wani lungu da hannu ba ya shiga sosai. A nan ta buɗe wata 'yar taga. Ya haska. Ganye ne guda ɗaya, shuɗi, da jan layi a gefensa, girmansa bai wuce babban yatsa ba. Launin yana nan garau kamar jiya aka sa.

"Ga shi!" Domokos ya ce. "Na gaya musu! Ga shi nan!"

"Nan buroshinka bai kai ba, Baba. Shafa ɗaya ce kawai a kansa, ta farko. Masu zanen nan ba da mai suke haɗa launinsu ba. Da gam ɗin fata suke damawa. Ruwa yana narkar da shi. Bango daban ne, bango yana son ruwa. Wannan ba ya so."

Ya daɗe yana kallon ganyen. Ya tuna hannun rigarsa, da yadda yake sauri zuwa gida.

"Launin da ke sauko mini a hannu," ya ce.

Ya juyo ya kalle ta.

"Da sau ɗaya na shafa na bari fa?"

"Baba, mu sauka tukuna."

"Ki gaya mini. Ni ba yaro ba ne."

"Da rabi ya tsira. Wataƙila fiye da rabi."

Ya miƙa mata fitilar. Saukowar ta fi hawan wuya. Sai da ta riga shi sauka tana ɗora masa ƙafa a kan kowane ƙarfe.

Jolan tana yanka kabeji lokacin da ya shigo. Ta kalli gwiwar wandonsa da ƙura, ta kalli fuskarsa.

"Ka hau, ko? Tsohon banza. Da ka faɗo wa zai kwashe ka?"

"Babu komai a ciki, Jolan."

"Kamar yaya babu?"

"Ni na wanke shi. Kowace shekara kaɗan-kaɗan. Abin da kika riƙa wankewa a rigata, shi ne."

Ta ajiye wuƙar. Ta share hannu a zaninta, ta jawo masa kujera. Can ta ce, "Ai ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Ni ma da ni ce haka zan yi. Uwarka ma haka za ta yi."

"Amma ni na yi."

Ta ci gaba da yankan kabejin, don dai a ci abinci.

Bayan mako biyu Fasto Bereczki ya zo gidan da takarda mai layi-layi, an zana gidaje casa'in da shida. Ya ce kwamitin coci na tunanin a sake zana rufin sabo. Hoto ɗaya ne ya rage na da, kuma mai ɗaukar hoton mumbari ya nufa, rufin duhu kawai ya fito. Ya ce a duk masu rai babu wanda ya ga allunan kusa kamar Domokos.

"Baba Domokos, ka cika mana abin da ka tuna. Ko da baki ne, ni zan rubuta."

"Ranka ya daɗe, zan gwada."

Ya zauna da takardar kwana goma a teburin kicin. Ya sa kifi a gidansa. Ya sa rana, ya sa jirgi, ya sa zakara, sannan ya goge zakaran don bai tabbata ko jeri na huɗu ba ne ko na shida. Furannin suka cakuɗe masa. Ya san akwai rumman, amma guda nawa, a ina? Shekara hamsin da biyu yana cewa yana nan, yana nan, ashe fari kawai yake gani. Da ya mayar da takardar, gida goma sha ɗaya ne a cike, uku daga ciki da alamar tambaya. Fasto ya yi godiya, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Kwamiti ya bar maganar.

Ranar da Orsolya za ta tafi ta biyo ta gidansa. Ta ce ta rubuta a rahotonta cewa, bisa ga abin da ya faɗa, shi ya hana a ƙone allunan, kuma katakon kansa tsoho ne mai daraja.

"Katako," ya ce. "Ina da katako a bayan gida, 'yata. Ki gaida mutanen birni."

Aka kankare farar ƙasar duka, aka bar allunan tsirara, aka rufe ɗan ganyen nan da gilashi. Daga ƙasa ba a ganinsa. Aka dawo da bencina sababbi, aka buɗe majami'ar da waƙa da jawabai. Tsofaffin da suka rage suka shigo, kowa ya nemi wurin zamansa na da, ya ɗaga kai, ya sauke. Ba wanda ya zagi Domokos ranar. Ferko wanzami ma, da suka haɗu a ƙofa, buɗe baki ya yi zai yi tsokana, sai ya fasa, ya taɓa hularsa ya wuce. Wannan ya fi masa ciwo.

Ya ci gaba da zuwa majami'ar da rana in babu kowa, ya zauna a bencin baya ƙarƙashin bene. Jolan ta ce me yake nema a can, ya ce sanyin wurin. Wata rana yana zaune wata malamar tarihi, baƙuwa a garin, ta shigo da maziyarta su bakwai ko takwas. Ta nuna musu bangon arewa, ta faɗi dalilin da ya sa babu hasumiya, ta nuna mumbari. Sannan ta nuna sama.

"A da duk wannan zane ne, alluna casa'in da shida. A zamanin gurguzu wani ma'aikacin makarantar ya yi ta shafe shi da farar ƙasa shekara arba'in, har ya lalace gaba ɗaya."

Wata mata cikin baƙin ta ce, "Kai! Wane irin mutum ne wannan? Yana da rai?"

"Ina jin yana nan," in ji malamar.

Domokos yana taku biyar daga inda suke. Ya dafa bencin gaba kamar zai miƙe. Ya nemi kalma ɗaya a maganar malamar da zai ce ba haka ba ne, bai samu ba. Ya zauna har suka gama ɗaukar hoto suka fita.

Ya mutu a hunturun 2005, ciwon huhu, kwana shida a kwance. Jolan ta nemi a yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar kwalejin, fasto ya yarda, sai ita da kanta ta canza shawara, ta ce ba za a kwantar da shi ƙarƙashin rufin nan ba, a yi a cocin gari. Mutum goma sha tara suka zo, har da 'ya'yansa biyu da mazajensu.